Yadda ake kai riɗi da zoborodo tashar jirgin kogi a loda su ba tare da asara ba

A kakar bara, bayan an gama kaɗe riɗi an shiƙe, 'yan ƙungiyarmu ta manoma suka zauna a gindin darbejiyar ƙofar masallaci, a ƙauyenmu da ke ƙasar Gumel, ana lissafin kuɗin mota. Da aka faɗi abin da direban tirela ya nema kafin ya kai kaya bakin teku, wuri ya yi tsit. Can sai ƙanena ya juyo ya ce, "Yaya, kai da ka yi aiki a bakin ruwa, me zai hana mu bi ta kogi? An ce ya fi sauƙi." Na ce masa sauƙin gaskiya ne, domin jirgi ɗaya yana kwashe kayan tireloli da yawa, kuma man da zai sha bai kai nasu ba. Amma sauƙin nan da sharaɗinsa, wanda ya shiga da ka kuwa sai ya gwammace kiɗa da karatu.

Na yi shekaru ina malamin ƙirga a wata tashar kogi a kudu kafin na dawo gida na koma gona. Abin da idona ya gane mini shi ne, da wuya kaya ya halaka a tsakiyar ruwa. Yawancin asarar a tudu ake yin ta: wurin shanya, bakin sikeli, cikin sito, da lokacin da 'yan dako ke hawa da sauka. Shi ya sa zan fi daɗewa a waɗannan wuraren.

Ka fara sanin inda tashar take

Kogin Haɗeja namu ba ya kai kaya teku. Gabas ya nufa, ya haɗu da na Jama'are su gangara Yobe zuwa tafkin Chadi, ga madatsun Tiga da Challawa sun riƙe masa ruwa a sama, ga kachalla ta toshe masa hanyoyi. Aikinsa kwale-kwale ne, fito da mutane da buhunan shinkafa. Tashoshin kasuwanci suna kan kogin Kwara (wato kogin Neja) da Binuwai, waɗanda suka haɗu a Lakwaja, kuma a nan ne hedikwatar NIWA take, hukumar da aka kafa a 1997 don kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa.

Wadda ta fi kusa da mu ita ce Baro, a ƙaramar hukumar Agaie ta jihar Neja. Sunan ba baƙo ba ne ga kakanninmu, don daga Baro aka jawo layin dogon da ya iso Kano a 1911, aka riƙa haɗa jirgin ƙasa da na ruwa. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe kogin daga Baro zuwa Wari, tsawon kilomita 572, a 2009, sannan marigayi Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar Baro a watan Janairun 2019. Sai dai tun buɗewar harka ba ta kankama ba, babban dalili kuwa hanyar da za ta kai mota can ta Agaie da Katcha, da kuma tsohon layin dogon da ya mutu. Akwai ta Anacha, wadda aka gina zamanin Shehu Shagari, aka gyara a 2012, aka damƙa wa 'yan kasuwa ita a 2022 na tsawon shekara 30.

Don haka matakin farko ƙafa ce. Kada ka ɗora ko buhu ɗaya a mota bisa labarin waya. Ku tura mutum biyu masu ido su je su kwana biyu a tashar. Su duba gaɓar kankare da jirgi ke jingina, ko yashi ya taru a gindinta. Su ga ƙugiyar ɗaga kaya tana motsi da idonsu, su tambayi ranar da ta yi aikin ƙarshe. Su shiga sito da tsakar rana su ɗaga kai, duk inda haske ya ratso ta kwano, ta nan ruwan sama zai zubo. Su nemi sikelin auna mota, da takardar da ke nuna yaushe aka daidaita shi. Sannan su zauna da 'yan dako da masu shayi na bakin ƙofa, su ne za su faɗa musu jirgi nawa ya tashi a watan da ya wuce, ba mutumin ofis ba.

Ruwa ne mai hukunci

Wannan shi ne abin da mutumin tudu ba ya saurin ganewa. Mota kullum tan 30 ɗinta take ɗauka, rani da damina. Jirgin kogi kuwa zurfin ruwa ne ke yanka masa kaya. Kwara tana cika sosai wajen Satumba da Oktoba, daga nan ta riƙa ja baya har ta kai ƙarshen ƙasa wajen Afrilu da Mayu, tudun yashi ya fito fili a tsakiyar kogi. Mu kuma riɗinmu da zoborodonmu sai Nuwamba zuwa Disamba suke gama bushewa su taru. Kayanmu na shirya, ruwa na tafiya. Duk makon da aka ɓata ana jiran wani ya kawo buhunansa, jirgi na rage abin da zai iya ɗauka.

Lissafin ba shi da wuya. Ruwan kogi mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, zurfin mita 1, nauyinsa tan 1 ne. Ɗauki jirgin dako mai shimfiɗaɗɗen ciki, irin marar inji da wani jirgin ke turawa, wanda ma'aikata ke kira baj, mai tsawon mita 30 da faɗin mita 10. Duk tan 3 da aka zuba masa zai ƙara zama cikin ruwa da santimita 1. Kayan tirela ɗaya santimita 10 ke nan. Idan ruwa ya ja da rabin mita a wurin da ya fi kowane rashin zurfi a hanya, jirgin nan ya rasa tan 150, kayan tirela 5, alhali kuɗin mai da na ma'aikata na nan yadda suke. Tambayar da za ka yi wa mai jirgi ita ce, "A ranar da za mu tashi, tan nawa za ka iya wucewa da shi?" Ba abin da aka rubuta a jikin takardar jirgin ba.

Gyaran kaya tun daga gida

Mu nan iskarmu busasshiya ce, hunturu na taimakonmu. Bakin kogi kuwa raɓa ce da laima dare da rana, kuma kayan da ya bar gida da ɗan danshi, can zai ƙarasa lalacewa. Masu sayen riɗi na ƙasashen waje galibi suna neman danshinsa kada ya wuce kashi 6 ko 7 cikin ɗari. Masara da dawa kuwa wajen kashi 13. Ga hatsi akwai tsohuwar dabara: ka zuba busasshen gishiri da ɗan hatsin a kwalba mai tsabta, ka rufe, ka girgiza, ka bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran shanya. Amma riɗi ya fi ƙarfin wannan gwajin, sai da na'urar auna danshi. Ƙungiya ta haɗa kuɗi ta sayi ɗaya, ta fi a dawo muku da tirela guda.

A shanya a kan tampol ko siminti, kada a ƙasa, don yashi da kashin awaki su ke sa a rage farashi. A tankaɗe, a cire tsakuwa da kara. A zuba a sababbin buhuna masu nauyi ɗaya, misali kilo 50 kowanne, a ɗinke baki ninki biyu. Buhun da ya taɓa ɗaukar taki ko siminti kada ya kusanci riɗi, mai gare shi, yana shan wari kamar yadda auduga ke shan ruwa. Kowane buhu a sa masa alamar ƙungiya da ta mai shi da fenti, domin a sito kayan mutum goma ne ke kwana wuri ɗaya.

Maganar magani kuma ina roƙonku da girman Allah. Kada kowa ya yayyafa fiya-fiya a kayan da za a ci. Saboda irin wannan maganin ne Tarayyar Turai ta dakatar da sayen wakenmu a 2015, manoman da ba su ji ba su gani ba suka kwana a ciki. Meziko ma, wadda ta fi kowa sayen zoborodonmu, ta taɓa rufe mana ƙofa saboda ƙwaron da aka gani a kaya. In za a kashe ƙwari, a kira masu lasisin turara kaya. Ƙwayar da suke sakawa iskar guba take fitarwa, ana rufe kayan ruf kwana 5 zuwa 7, sannan a buɗe ya sha iska. Ba a yin wannan a ɗakin da mutane ke kwana kusa, kuma in an turara kayan dab da lodi, wajibi ne a gaya wa matuƙin jirgi, don ma'aikatansa a gefen kayan suke barci.

Ciniki da takardu

Komai a rubuce. Yarjejeniya da mai jirgi ta faɗi kuɗin dako, kuma da me ake lissafa shi, da nauyi ko da wurin da kaya ya cinye. Wannan ya fi shafar mai zoborodo. Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar riɗi wajen tan 19, amma mai ƙafa 40, wadda ta ninka ta, da ƙyar take cin zoborodo tan 12, saboda ba shi da nauyi, wuri yake ci. Ta faɗi wanda zai biya 'yan dako a tashar lodi da ta sauke. Ta faɗi kwana nawa aka ba ka kyauta ka gama lodi, da abin da za ka biya kullum in ka wuce, da kuma abin da shi mai jirgin zai biya in jirginsa ne ya makara kayanka na zaune a sito kuɗin ajiya na hawa. Masu jirgi sukan manta da wannan ɓangaren na biyu, kai ne za ka tuna musu. Inshora kuma a nemi wadda ta rufe kaya daga sito zuwa sito, har da tafiyar mota.

In kayan ƙasar waje za shi, akwai rajista da NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya ƙasashen waje, da fom ɗin NXP na bayyana kayan da za a fitar, wanda ake buɗewa ta banki, da takardar lafiyar tsirrai daga NAQS, hukumar da ke duba lafiyar kayan noma masu shiga da fita ƙasa, da duban kwastan. Wannan aikin ejan mai lasisi ne. A gama shi kafin mota ta bar gida.

Daga ƙofar tasha zuwa sito

Mota za ta hau sikeli da kayanta, ta sauke, ta sake hawa babu komai, bambancin shi ne nauyin kayanka. Ka tsaya da kanka duka biyun. Ka duba tayoyin duka suna kan sikeli, ka duba yaran mota da suka hau da farko su ne a ciki a karo na biyu, ko kuma kowa ya sauka duka biyun. Jarkokin ruwa da tayar ajiya ma su kasance yadda suke. Ka karɓi takardar sikeli nan take, ka ɗauki hotonta da waya ka tura gida.

A sito ba a ɗora buhu a kan siminti. Sai an shimfiɗa katako, a bar tazarar kamar mita 1 tsakanin kaya da bango, yadda mutum zai zagaya ya ƙirga, iska kuma ta wuce. Ana jera buhuna biyar-biyar, uku a miƙe biyu a gicciye, layin sama kuma a juya, sai su kama juna kamar ginin bulo. Mai sito ya ba ka rasit mai adadin buhuna da yanayinsu. Wanda ya yage a hanya a ware shi, a ɗinke, a sake aunawa a gabanka.

Ranar lodi

Ka riga 'yan dako zuwa. Ka sauka cikin jirgin da tocila tun babu komai a ciki. Ka shaƙi warin wurin, ka tambayi me ya ɗauka na ƙarshe. Ka shafa ƙasan da hannu, ka leƙa kusurwoyi ko ruwa na tsattsafowa, ka sa a tayar da famfon kwashe ruwa ka ji ƙararsa. Ka sa a baza tampol ɗin rufi a rana ka shiga ƙarƙashinsa ka nemi huji.

A nan ne na taɓa ganin asarar da har yau take ci mini rai. Wani dattijo daga wajen Malam Madori ya kawo riɗi mai kyau, busasshe ƙarau. Ana sauri a tashi kafin ruwa ya ƙara ja, ma'aikatan jirgin suka ce katakon shimfiɗa ya ƙare, ai ƙarfen a bushe yake. Na ce, "Baffa, a dakata a nemo katako ko da zana ce." Ya ce, "Ɗana, kuɗin jinkiri na cina, a zuba kawai." Ƙarfen jirgi da rana yana ɗaukar zafi, da dare ruwan da ke ƙarƙashinsa ya sanyaya shi, sai ya yi gumi. Da aka isa aka kwashe na sama lafiya lau. Layin ƙasa kuwa da aka ɗaga buhun farko, gindinsa ya yi baƙi, riɗin ya dunƙule kamar ƙuli-ƙuli, wani wari mai tsami ya bugo mu. Dattijon ya durƙusa ya sa hannu ya damƙo, ya murza, ya daɗe bai ce komai ba sai salati. Babu ɗigon ruwan kogi ko na sama da ya taɓa kayan nan. Tun ranar ban ƙara yarda an ɗora buhu a kan ƙarfe tsirara ba, kuma gefen jirgin ma sai an jingina katako ko tabarma.

Kafin buhun farko ya shiga, ku karanta lambobin da aka rubuta a jikin jirgi masu nuna iyakar inda ruwa ya kai, gaba da tsakiya da baya, dama da hagu, kai da matuƙi, ku rubuta. In an gama ku sake karantawa. Da lissafin da na ba ka a sama za ka san kusan tan nawa ya shiga, ka gwada da takardun sikeli.

Ƙirga kuwa mutum biyu ke yin ta, naka da na jirgi, kowa da littafinsa, a tsaye a gindin katakon hawa. Duk buhun da ya wuce a ja layi ɗaya a littafi: layi huɗu a tsaye, na biyar ya gicciye su. Wasu tashoshin da tsinke ake yi: kowane ɗan dako in zai wuce da buhu sai ya karɓi tsinke ɗaya ya jefa a kwano a cikin jirgi. Duk buhu 100 ku tsaya ku haɗa lissafi. In kun bari sai yamma, aka sami bambancin buhu bakwai, babu mai sake kwashe jirgi don ya gano gaskiya. Malamin ƙirga ba ya amsa waya, ba ya tafiya sallah sai an tsayar da lodi gaba ɗaya an tafi tare. Ka hana 'yan dako sa ƙugiyar hannu a buhun riɗi, ƙaramin huji ya isa ya tsiyayar da mudu kafin a kai.

Kaya ana baza shi ne, ba a tula shi gefe ɗaya. A fara daga tsakiya a yi gaba da baya, layi bisa layi, dama da hagu daidai. Ka koma tudu lokaci-lokaci ka hango jirgin daga nesa, in ya karkata ido zai nuna maka. Igiyoyin ɗauri a riƙa sassauta su yayin da jirgin ke zama. In da ƙugiyar inji ake lodi, mutum ɗaya tak ke ba direbanta alama, kuma ba mai tsayawa ƙarƙashin kaya yana sama. Hadari na haɗowa a rufe, kada a jira yayyafi. In kwantena ce, ka duba cikinta ka rufe ƙofa ka ga ko haske na shiga, ka rubuta lambar hatimin da aka kulle ta da shi, kuma a auna nauyinta duka, domin tun 2016 jirgin teku ba ya karɓar kwantenar da ba a tabbatar da nauyinta ba.

Akwai layin iyaka a jikin jirgi da ruwa bai kamata ya haura ba. Za a sami mai cewa saura buhu 40 kawai, a daure a ƙara. Kada ka daure. Mu mutanen Kano da Jigawa mun san abin da lodi fiye da kima ya jawo a Bagwai a watan Nuwamban 2021, da jirgi ya kife a ruwan Watari da ɗalibai a ciki. Buhu 40 su jira jirgi na gaba ko su bi mota.

Tafiya da saukewa

Matuƙi zai sa hannu a takardar shaidar lodi. Ka karanta abin da ya rubuta a gefe, don in ya ce wasu buhunan a jiƙe suka zo alhali ƙarya ne, da wannan zai kare kansa gobe. Ku sa mutum ɗaya ya bi kayan, da rigar kariya daga nitsewa a jikinsa, da waya mai caji. NIWA ta hana tafiyar dare, saboda haka kada ka matsa wa matuƙi ya ci gaba bayan faɗuwar rana. Wanda ya bi kayan ya riƙa ɗaga gefen tampol da hantsi in gari ya yi wasai, kayan su sha iska, ya rufe kafin la'asar sakaliya.

A tashar sauke, yadda aka ƙirga a shiga haka za a ƙirga a fita, sikeli ma haka. Lambobi uku za ka jera: na gida, na lodi, na sauke. In akwai giɓi ko buhun da ya jiƙe, a rubuta a jikin takardar karɓa kafin ka sa hannu, a ɗauki hoto, a sanar da kamfanin inshora a ranar.

Da na gama wannan bayani a gindin darbejiya, muka ƙirga abin da muke da shi bai cika tirela uku ba. Na ce wa ƙanena da wannan ba a ɗaukar hayar jirgi, kuɗin mota zuwa Baro ko Anacha da na sauke da lodi sau biyu zai cinye sauƙin da ake nema. Muka kai kayanmu Dawanau, wasunmu kuma suka je suka ga yadda ake cika kwantena a tashar tudu ta Dala da ke Zawachiki, wadda aka buɗe a 2023. Mun riga mun yi magana da ƙungiyoyi huɗu na Gagarawa da Maigatari a kan haɗa kaya, mun sayi na'urar auna danshi, kuma in Allah ya kai mu Satumba, lokacin da Kwara ta cika, ni da ƙanen nawa za mu je mu kwana biyu a bakin ruwa mu ƙirga jiragen da ke tashi.